Lambun Tanko da Lambunmu

Kakata Inna Dije ba ta yin tatsuniya sai lokacin sanyi, don a ganinta bakin wuta ne wurin labari. A ƙauyenmu da ke kusa da Chinade, da an idar da magariba an ci tuwo, sai ta ƙara ice a murhu, ta turbuɗa dankali a toka, mu jikoki mu kewaye ta. Ƙamshin furen mangwaro yana shigowa ta saman katanga, domin lambun gidanmu a bayan gida yake. Da wannan lambun aka ciyar da mu, da shi aka sa mu makaranta.

"Ga wata nan tafe," in ji ta.

"Ta iso mu ji," mu amsa.

Wadda ta fi zauna mini a rai ita ce ta Tanko. Wai a da Sanyi da Zafi da Ruwa 'yan'uwa ne, kowa da lokacin da yake ziyartar mutane. Sanyi ya zo ya sa mangwaro fure, Zafi ya biyo baya ya nunar da 'ya'yan, Ruwa ya zo daga ƙarshe ya shayar da saiwa. Ba mai shiga lokacin wani. Tanko kuwa mai lambu ne, ya ga tsinka ɗaya a shekara ta yi masa kaɗan. Sai ya je ya ce wa Zafi ai Sanyi ya riga ya tafi, ya wuce wurin Ruwa ya ce Zafi yana can yana cin rabonsa. Rana ɗaya su uku suka haɗu a lambunsa, kokawa ta kaure. Fure ya ƙone, ɗanye ya zube, saiwa ta ruɓe.

Ni ne sarkin tambaya a cikinmu. Na ce, "Inna, na maƙwabtansa fa?"

"Ko ganye bai faɗi ba," ta ce, tana hura toka daga jikin dankali. "Wanda ya haɗa faɗan shi kaɗai ya kwashi ɓarna. Haka duniya take. Ungo, ci da zafinsa."

Na yarda da ita, kuma da wannan yarda na girma.

Yau lambun yana hannuna, na ƙara gwaba da gwanda a gangaren fadama. Bana sanyi leƙowa kawai ya yi ya koma. Ɗan furen da itatuwa suka yi, zafi ya sauko tun kafin lokacinsa ya soya shi, na wayi gari ƙasa ta yi baƙi da busasshen fure. Abin da ya tsira ya fara girma, sai ga iska da hadari a watan da ba mu taɓa sa ran hadari ba. Da hannuna na kwashe ɗanyen mangwaro a kwando na zuba wa awaki. Da damina ta zo kuma, sai ta yi ta jan rai har masara ta lanƙwashe, sannan ta sauke ruwan wata guda cikin 'yan kwanaki. Gwandar duk ta kwanta, gwabar ta yi rawaya tana tsaye cikin ruwa.

Akwai Maman Chidi, wata 'yar kudu da ta tsufa a kasuwar Azare, wadda tun zamanin mahaifina take sarin mangwaronmu. Ta hau mashin ta zo da kanta, ta zaga lambun. Da za ta tafi ta ce, "Malam, babanka bai taɓa mayar da ni da kwando wofi ba. Me ka yi wa itatuwan nan?"

Na ce, "Mama, ban yi musu komai ba."

Abin da yake tafasa mini zuciya ke nan. Ban sare bishiya ba, ban hana taki ba, ban nemi tsinka biyu ba. A rediyo ake gaya mana hayaƙin masana'antu da motocin manyan ƙasashe ne ya hargitsa yanayi. A nan gida kuma ina ganin motocin gawayi a hanyar Gamawa, an danne su har suna tangaɗi, masu su suna ɗaga mini hannu. Ana taro a manyan ɗakuna masu na'urar sanyi, a yi jawabi a kanmu, a watse. Ba wanda ya taɓa zuwa ya tsaya inda Maman Chidi ta tsaya.

Ba na jin haushin Inna. Duniyar da ta sani ta faɗa mana, a lokacinta mai ɓarna a ƙofar gidansa ɓarnar take sauka. Amma da tana da rai, da na kai ta gangaren fadama ta ga maƙwabcin da ta ce ko ganye bai rasa ba. Masu haɗa faɗan suna can lafiya lau, 'ya'yansu suna shan mangwaro duk watan da suka ga dama, ko sunan Chinade ba su taɓa ji ba. Ni kuwa ranar kasuwar da ta wuce, a tiren wani na sayo wa autata mangwaro.