Tsamiyar da Aka Ba Ni Ajiya

In aka tambaye ni abin da ya kashe makarantata, cewa nake yi zafi ne. Na gaji da dogon bayani, kuma ba ƙarya na yi gaba ɗaya ba.

Makarantar ba wata babba ba ce. 'Ya'yan maƙwabta ne da ba su isa firamare ba, iyayensu maza kullum suna hanyar Ƙwanni da kaya, mata kuma suna neman inda za su sauke su su huta. A wani shagon kwano na fara, bayan gidanmu a Illela. Wanda bai taɓa zama da tarin yara cikin shagon kwano da bazara ba, don Allah ya riƙe shawararsa. Kafin hantsi sun jiƙe sharkaf, wannan ya ciji wancan, ni kuma muryata ta dushe.

Sai na fara kwasarsu zuwa lambun gandun daji da ke hanyar Kalmalo, inda ake rainon itatuwa. Dattijon da ke gadin wurin ya ce mu shigo, muddin ba a taka masa dashe ba. A can na ga yaran nan sun zama mutane. Da 'ya'yan dogon yaro muka koyi ƙirga. Harafi kuwa a kan yashi da tsinke, in ya karkace a shafe da tafin hannu, babu kuka. Su bi tururuwa har raminta, su dawo suna gardama ko ƙadangare yana jin magana. Kowa na ba shi ledar ruwa da aka sha aka yar, ya cika ta da ƙasa, ya shuka irin da ya tsinta.

Inuwar kirki ɗaya ce a lambun, ta wata tsohuwar tsamiya. Na san abin da ake faɗa, ai a garin nan aka haife ni: tsamiya gidan iskoki ce, ba a zama gindinta da rana tsaka, balle da yara. To amma sauran itatuwan duk ƙanana ne, inuwarsu ko akuya ba ta rufewa. Muka yi bismilla muka shimfiɗa tabarma.

Cikin yaran akwai wata 'yar mitsitsiya mai giɓi, jikar wata Hajiya mai sayar da atamfa. Ita ƙwallon tsamiya ta shuka, kuma nata ya riga na kowa fitowa. Kullum da safe sai ta durƙusa ta ce wa tsiron ina kwana kafin ta gaishe ni. Ina son yarinyar nan, ba na ɓoyewa.

Da damina ta faɗi, zazzaɓi ya kama ta har da fizge-fizge. Asibiti suka ce na cizon sauro ne, irin wanda ya kwantar da rabin unguwa. Ta warke. Ranar da na je barka, Hajiya ta bari na gama gaisuwa tukuna.

"Malama, mi yas sa kinka kai muna ɗiya gindin tsamiya?"

"Hajiya, likita ya ce sauro na."

"Sauro duk garin ga akwai shi. Mi yah hana shi kada ta sai da taz zamna wurin?"

Na yi mata sallama na fito. Kuma ba zan ce muguwa ce ba, a cinyarta yarinyar ta yi ta fizga, ni ban gani ba.

Daga nan yara suka fara raguwa. Na bi gida gida har ƙafata ta gaji. Kowace uwa ta ba ni ruwa, ta ce ita ba ta ce komai ba, amma dai a koma shago, a sa benci da allo kamar kowace makaranta, yara su bar dawowa da ƙasa a kai. Na ce za mu matsa daga gindin tsamiyar, suka ce ai lambun duk nata ne. Raina ya ɓaci, na faɗa wa wasu maganar da ta wuce ta malama. Ƙarshe dai na koma shagon, na daure bazara guda, na sa kwaɗo.

Ranar da muka bar lambun, kowa ya tafi gida da ledar shukarsa. Washegari sai ga mai giɓi da tata a hannu biyu, ƙasa duk ta ɓata mata riga.

"Malama, Hajiya ta ce ba a shigowa da ita gida. Ki aje min ita hal in girma. Kak ki bari ta mutu."

Na dasa ta a ƙofar gidanmu, gefen katanga. Maigida ya yi ta mita, uwarsa ta yi abin da ya fi mita. Na kewaye ta da ƙaya saboda awaki, na riƙa zuba mata ruwan wanke-wanke, shekara da shekaru, har a lokacin da ruwan sha ma sai an jira mai kura. Tsamiya ba ta sauri. Yanzu dai ta wuce katanga, har ta fara inuwa.

Yarinyar ta shiga sakandare, giɓin ya daɗe da cikewa. Ta ƙofarmu take wucewa, ta gaishe ni da ladabi ta wuce. Kwanan baya da azahar na kira ta, na jawo hannunta zuwa gindin itacen.

"Zo ki ga ajiyarki. Kin gane ta?"

Ta ɗaga kai ta dubi ganyen. Sai ta zare hannunta a hankali, ta ja da baya har ta fita cikin rana.

"Malama, tsamiya ta hwa. Ba a tsayawa nan da rana tsaka."

Na ce haka ne, ta gaida Hajiya. Da la'asar na ɗauko bokitin wanke-wanke na zuba wa tsamiyar ruwanta.