Yadda Yaya ta ƙwato mana sunan Ta-Mashi

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Yaya Dije, amma har yau in na ji ana ja-in-ja a ƙofar gidanmu na Daura sai na ɗaga kai, ina zaton ita ce take ciniki da mai kayan miya. Ita ce babba a ɗakinmu, ni ce auta. Ta fara da sayar da atamfa a cikin gida, har ta kai ga hawa jirgi zuwa Bankok ta ƙasar Tailan saro takalma da gyale, alhali Turancinta bai wuce na tambayar farashi ba. Mace ce da in ta sa abu a gaba, to gara kawai ka ba ta hanya.

A tafiyarta ta uku, a shekarun da aka fara shari'a a jiharmu, ta tarar da kasuwa a rufe saboda wani hutu nasu. Dillaliyarta, wata Musulma 'yar can, ta ce maimakon zaman otal ta zo ta kai ta wani tsohon gidan sarki da aka mayar gidan tarihi. Don kara kawai Yaya ta bi ta. Gidan katako ne tun daga ƙasa har sama, sai an cire takalmi ake shiga, kuma akwai ɗaki guda na hotunan da aka zana da hannu. Yaya ta ce duk wannan bai dame ta ba, ƙafarta ma ciwo take yi. Abin da ya tsayar da ita wani tsohon mayafi ne saƙar hannu a cikin gilashi, da ɗan kati a gefensa. Dillaliyar ta karanta mata: sunan matar da ta saƙa shi ne, da sunan ƙauyensu. Ba sarauniya ba ce, masaƙiya ce da ta daɗe da barin duniya.

Ranar da ta dawo, ko jakunkuna ba a kwance ba ta ce da ni, "Ke Auta, mene ne sunan kakarmu?"

Na ce, "Ta-Mashi mana."

"Wannan garinsu ne. Sunanta nake tambayarki."

Ni malamar makaranta ce, na haddace sunayen sarakuna ina koya wa yara, amma matar da ta haifi ubana ban san sunanta ba. Daga Mashi aka kawo ta amarya, aka laƙaba mata garin, shi ke nan. 'Ya'yanta ba za su faɗi sunan uwa ba saboda kunya, surukai balle. Jaririyar da aka yi mata takwara ta koma tun ba a yaye ta ba. Mahaifinmu ya rasu, ƙawayenta duk sun ƙare. Mutum ɗaya ya rage a duniya da ya san sunan, wato Baba Malam, yayan mahaifinmu, wanda ya haura tamanin, ga hawan jini yana kayar da shi lokaci-lokaci. In ya tafi, ya tafi da shi.

Sau uku Yaya tana zuwa zaurensa ta durƙusa, sau uku yana korar ta. A na ƙarshe har da sanda. Ya ce ta je gidan gumaka ta kwaso mana bidi'a, yanzu kuma tana so ya kama sunan mahaifiyarsa da bakinsa kamar wani marar tarbiyya. Lokacin kuwa komai sai an auna shi da halal da haram, har wasu 'yan uwa suka fara yi mata kallon wadda ta kauce. Ni kaina na ce mata ta haƙura, kada tsoho ya yi mata baki. Ta ce ita ba ta yi wa kowa sujada a Tailan ba, kuma ba ta ga littafin da ya haramta a san wadda ake yi wa addu'a ba.

Sai ta canza dabara. Ta share tsohon ɗakin Ta-Mashi da ya zama ma'ajiyar buhunan gero, aka yaɓe shi. Ta fito da akushin marigayiyar, da mazarin da take kaɗi da shi, da wani saƙi baƙi da asu ya fara ci. Ta bi maƙwabta gida-gida tana karɓar tsofaffin tasoshi da faya-fayan iyayensu kafin 'yan gwangwan su kwashe na kwashewa, sharaɗinta ɗaya: sai da sunan mai kayan. Ni ce mai rubuta katin, ina yi ina mita. Da muka zo kan mazarin Ta-Mashi ta ce in ajiye katin fari fat, kada in rubuta komai.

Ta roƙi Baba Malam ya zo ya buɗe ɗakin da addu'a, abin da malami ba ya ƙi. Bayan an shafa, wata shugabar makarantar 'yan mata da Yaya ta gayyato tana zagayawa tana karanta sunaye, har ta iso kan mazarin. Ta ce, "Hajiya, wannan fa na wace ce?"

Yaya ta ɗaga murya yadda kowa zai ji, ta ce, "Oho, ba mu sani ba. Wata mata ce dai daga Mashi."

Kai! Ban taɓa ganin fuskar Baba Malam haka ba. "Wata mata?" in ji shi. Ya dogara sandarsa ya fice. Na ce shi ke nan, Yaya ta jawo mana. Bayan la'asar sai ga shi ya dawo da tawada da alƙalami. Bai kalli kowa ba, ya sa aka miƙo masa katin, ya zauna a bakin ƙofa ya rubuta da ajami: Zulaihatu 'yar Malam Isa. Bai furta ba, har ya koma ga Allah bayan damina biyu bai furta ba, amma ya rubuta. Yaya ta saki guɗa, ni kuwa kuka na yi, ban ji kunyar kowa ba.

Ina yawan tunanin abin da za ta ce da ta ga yau. 'Yan mata suna zuwa ɗakin su ɗauki hoto da waya, wasunsu ba su san ta ina ake riƙe mazari ba, kuma na tabbata da sun sha faɗa. Amma da ta yi murna da ta ga yadda suke komawa gida su tsare kakanninsu da tambaya. Kwanaki wata ta zo tun daga Baure da ludayin kakarta, ta riga ta rubuto sunan da kanta. Shagon Yaya an daɗe da rufe shi, takalman Bankok duk sun tsinke, ɗakin nan ne kawai har yanzu ake neman makullinsa.

Da 'yata ta haifi mace aka sa mata Zulaihatu, dangi suka taso da laƙabi, wannan ya ce Ummi, wancan ya ce Mama. Na ce ban yarda ba, an ɓoye sunan nan sau ɗaya, ya isa. Faɗa da baki ya yi mini sauƙi, amma shekara biyu ina ce mata "ke yarinya", harshena ya ƙi. Ranar Juma'ar da ta wuce na hango ta ta nufi bakin rijiya da gudu, ban san lokacin da na ƙwala kira ba: "Zulai!" Duk gidan aka juyo ana kallona. Ta tsaya cak, ta waiwayo, ta ce, "Na'am, Kaka."

Allah ya jiƙan Yaya Dije, ya kai haske kabarinta, ita da Zulaihatu 'yar Malam Isa.