Baba Yayyafi da Furannin Mahaifinmu

Kafin rana ta yi zafi za ka ji ƙarar kekensa a ƙofar gida, sai sallama can ƙasa-ƙasa kamar mai gudun tada jariri. Yakan jingine keken a jikin katanga, ya wanke hannu da sabulu, sannan ya nufi barandar bayan gida wadda aka kewaye da raga. A can furannin okid na mahaifinmu suke, wasu a jere bisa katako, wasu a rataye da waya. Ba ya fara ba su ruwa. Sai ya bi su tukunya bayan tukunya, ya ɗaga kowace ya ji nauyinta a tafin hannu, ya leƙa saiwar. In ta yi kore shar, ya mayar. In ta yi fari-fari, ya ware ta gefe, ya ce, "Ke ce mai ƙishirwar yau."

Okid ba kamar sauran shuke-shuke ba ne. Ba ya son ƙasa, cikin ɓawon itace da gawayi da ɓawon kwakwa yake zama. Ruwa ya yi masa yawa, saiwa ta ruɓe. Rana ta doke shi kai tsaye, ganye ya ƙone. Ko ɗigon ruwa ne ya kwana a tsakiyar ganyen, ana iya wayar gari ya fara lalacewa, shi ya sa Baba, dattijon da ke kula mana da su, ke bin kowanne da tsumma mai laushi yana tsanewa. In ya gama sai ya ɗauko 'yar kwalbar feshinsa ya bi iskar barandar da ita, fis, fis, fis. Wannan kwalba ce ta jawo masa suna. Muna yara muka laƙaba masa Baba Yayyafi, sunan ya bi shi har unguwa, shi kuwa dariya kawai yake yi.

Ni ce autar gidan, kuma a gabana aka yi yawancin abin da zan faɗa. Mahaifinmu ne ya fara tara furannin, guda ɗaya ya zo da shi daga wata tafiya, a hankali baranda ta cika. Da aikin ya fi ƙarfinsa ya ɗauko Baba. Innarmu kuwa ba ta taɓa ganin amfaninsu ba. Takan tsaya bakin baranda ta riƙe ƙugu ta ce, "Ganyen da ko miya ba a yi da shi, amma ya fi mutanen gida gata. Shekara guda ana lallaɓa shi don ya yi fure sau ɗaya!"

Baba ya ce, "Ai Hajiya, in ya yi ɗin yakan daɗe."

Ta ce, "Ya daɗe ɗin a ci?"

Mahaifinmu ya yi ta dariya har da tari.

Da Allah ya yi masa rasuwa, Inna ta daina ko kallon wajen. Ta sa aka saki labulen tagar falo mai duban barandar, ba a sake ɗage shi ba. Babu wanda ya ce wa Baba ya ci gaba, babu wanda ya ce ya daina. Shi dai kullum da safe sai ka ji kekensa.

A shekarar ne famfon unguwarmu ya ɗauke na tsawon lokaci. Ruwan da ake kawowa a tanka gishiri gare shi, yana bar wa saiwa farin dabbare. Mu muna ta kanmu, ba wanda ya tuna da fure. Mai shagon bakin layinmu ne ya ba ni labari daga baya. Ya ce kullum yana ganin dattijon yana tura keke da ƙafa, jarkoki biyu ɗaure a baya, gumi ya jiƙa masa riga. Ruwan sama ne da ya tara a durom a gidansa. Mai shago ya ce masa, "Baba, mai furen nan fa ya tafi, wa zai gani?" Sai ya tsaya ya share fuska ya ce, "Shi ya tafi. Su suna nan."

Kai ne ka yi wannan, Baba, ba ka taɓa faɗa mana ba.

Bayan 'yan shekaru sai babbar jarrabawa ta zo. Inna ta faɗi a kicin, ɓarin jikinta na dama ya shanye, baki ya karkace. Da aka sallamo ta daga asibiti ba ta iya hawa bene, sai muka sa mata gado a falo. Babban yayanmu, wanda nauyin gidan ya dawo kansa, ya ce a rabar da furannin, a toshe barandar da bulo a yi mata ɗaki da banɗaki. Gaskiya maganarsa tana kan hanya, ni ma na goyi baya. Shi ya kira Baba ya shaida masa.

Baba ya murza hularsa, sannan ya ce, "Gidanku ne, Alhaji ƙarami, kuma lafiyar Hajiya ta fi kowane fure. Roƙona ɗaya. Akwai waɗanda suka fid da kara, sun kusa buɗewa. In aka motsa su yanzu za su zubar. A bar su su gama, ni da kaina zan nema musu gidajen kirki."

Yaya ya ce ba laifi, dama sai ya nemo magini.

Ciwon jiki ba shi ne ya fi tada mana hankali ba. Inna ta daina magana. Likita ya ce harshenta zai iya, ita ce ba ta so. Ta juya fuska bango. Wata ma'aikaciyar jinya tana zuwa don motsa mata hannu da ƙafa, takan sa mata ƙwallon roba a tafin hannu ta ce, "Mama, matsa ko kaɗan ne." Inna sai ta sake shi ya gangara ƙarƙashin gado. Macen da gidan nan kaf ke jin muryarta tun daga ƙofa, ga ta ana juya ta kamar kaya. Muka yi lallashi, muka yi kuka, jikoki suka zo suka yi wasa a gabanta, ko gezau. Abinci ma sai an yi da gaske. Ma'aikaciyar ta ja ni gefe ta ce in hannun ya daɗe a haka zai ƙage, daga nan kuma sai dai haƙuri.

Wata safiya ina ba ta shayi a cokali, sai na ji sallamar Baba a ƙofar falo. Tunda yake bai taɓa wuce bakin ƙofar nan ba. Ya cire takalmi, ya shigo riƙe da tukunya guda, ya durƙusa daga nesa.

"Hajiya, barka da asuba. Ya ƙarfin jiki? Alfarma na zo nema."

Ba ta juyo ba.

"Idona ne ya fara cin amanata. Akwai wasu fararen ƙwari masu kama da auduga, suna shanye ganyen nan. Ina jin danƙonsu a yatsa, amma ba na ganinsu. Na so in sa Auta, to kin san ta, garin dubawa sai ta karya mini kara. Ke ce mai idon da ko allura ta faɗi a gidan nan sai kin gano. A duba mini, don Allah."

Ya ɗora tukunyar bisa kujera 'yar tsugunno daidai kan gadonta, ya fita. Inna ba ta ko motsa ba. Washegari ya dawo ya gaishe ta, ya juya tukunyar ta fuskanci haske, ya tafi. Haka ya yi ta yi, bai gaji ba, bai kuma matsa mata ba. Ganyen ya fara rawaya a gabanmu. Na ce masa, "Baba, kawo in goge mana." Ya ce, "Bari tukuna, 'yata."

Ran nan ya zauna a ƙasa da auduga da ruwan maganin gogewa, yana shafa ganyen ta sama, yana kuskure wurin. Sai na ji wata murya mai nauyi, kamar daga cikin rijiya.

"Ƙar...ƙashi."

Baba bai ɗago ba, bai yi kabbara ba, bai nuna wani abin mamaki ya faru ba. Ya ce, "Nan, Hajiya?"

"A'a. Can. Kai... makaho ne?"

Ya ce, "Ai shi na faɗa miki."

Na fita da gudu na shige kicin na toshe baki na yi kuka mai isata.

Daga ranar aka ɗage labule. Kullum sai ya kawo mata tukunya ɗaya ta duba. Bayan wani lokaci ya fara mantuwa da kwalbar feshinsa a gefen hannunta na dama, wanda ya shanye. Da ma'aikaciyar jinya ta gani, ta ce, "In dai za ta matsa wannan, a jefar da ƙwallon." Ta daɗe tana fama, yatsun suna rawa, kwalba tana zamewa. Ranar da ruwan ya fara fita, Yaya ne ya sunkuyo zai gaishe ta, feshin ya same shi a fuska har cikin hanci. Inna ta yi dariya da rabin baki, hawaye na zuba. Yaya ya tsaya da jiƙaƙƙiyar fuska yana kallonta, shi ma idonsa ya ciko. Magini ya zo ya auna wani lungu ta gefen falo, a can aka yi banɗakin. Maganar rabar da fure ba ta sake tashi ba.

Na ɗauka zancen ido dabara ce kawai. Ashe gaskiya ne. Da muka matsa aka kai shi asibitin ido, likita ya ce ciwon ya daɗe yana ci, abin da ya tafi ba zai dawo ba, sai dai a tare saura. A bencin asibitin nan ne 'yarsa ta gaya mini abin da bai taɓa bari mu sani ba. Mun san matarsa ta yi jinya kafin ta rasu, in an tambaye shi yakan ce jiki da sauƙi. Ashe shekaru ta yi a kwance da irin ciwon Inna. Shi ke yi mata wanka, ya ba ta abinci, har taje mata kai, kafin ya hau keke ya zo gidanmu.

Da ya fito na ce, "Baba, ashe a can ka koyo."

Ya ce, "Mara lafiya yakan gaji da a yi masa, a yi masa. Yana so wata rana a ce shi ma ana bukatarsa. Ni ban gane haka da wuri ba, sai dab da tafiyarta. Da na ga Hajiya ta juya bango, na ce wannan karon ba zan makara ba."

Kai ne mai sanyin hannu, Baba. Kai ne ka shigo falon nan da raunin idonka a fili, ba ka ji kunyar nuna shi ba, don wata ta samu dalilin buɗe baki. Mu 'ya'yanta mun kawo magani, mun kawo likita, mun kawo hawaye. Kai ka kawo mata aiki.

A watan jiya Baba ya ajiye aiki. Idon bai ƙara yarda da keke ba, 'yarsa ta ce ya koma wajenta ya huta. Ranar sallama Inna ta fito baranda da sandarta, tana jan ƙafa amma da kanta. Ya bi da ita tukunya bayan tukunya yana faɗa mata halin kowace: wannan ba ta son a canza mata wuri, waccan sai ta gama fure za a sake mata tukunya, almakashi kuma a gasa shi a wuta kafin a yanke ruɓaɓɓiyar saiwa. Inna ta katse shi ta ce, "Malam, yau ka fara gaya mini? Zaɓi wadda kake so ka tafi da ita."

Na nuna masa babbar fara, wadda ta fi kowace kyau. Ya girgiza kai.

"Wannan ta masu ido ce. Hajiya, a ba ni 'yar ƙaramar can ta lungu, mai ƙamshi da safe."

Inna ta jingina sandarta, ta sa hannu biyu, har da wanda aka kusa fid da rai da shi, ta ɗauko ta miƙa masa. Ta buɗe baki za ta yi godiya, maganar ta maƙale. Ya rungume tukunyar a ƙirji, 'yarsa ta riƙe masa gwiwar hannu, suka fita.

Abin da Inna ta kasa faɗa ranar nan shi nake rubutawa. Mun gode, Baba Yayyafi. Allah ya saka maka da alheri, ya tsare maka sauran ganinka, ya jiƙan matarka, ya ba ka mai riƙe ka yadda ka riƙe na wasu.

Ku kuma masu karatu, in akwai wanda ciwo ko tsufa ya kwantar a gidanku, kada ku tsaya ga ba shi abinci da magani. Ku nemi wani abu, komai ƙanƙantarsa, wanda za ku ce masa, "Taimaka mini da wannan." In kuma akwai wani dattijo da ke shigowa gidanku kullum ya yi aikinsa shiru ya fita, ku tare shi gobe da safe, ku ba shi wurin zama, ku tambaye shi yaya ya baro mutanen gidansa. Ku jira amsar.