Ni Na Zana Gadar, Amma Bulus Ake Tambaya

Jiya tirelata ta yi karo da 'yar ƙurƙurar Sani a tsakiyar gada, wasa ya tsaya cak.

Yaƙin motoci muke yi da motocin roba da ɗan lido, a teburin shagon ɗinkina. Ni na ƙirƙiro wasan, ni na zana gadar Wudil da allin tela. Dokata kuwa kowa ya san ta: in aka yi karo a gada, ƙaramar mota ce ke faɗawa kogi.

Sai Sani, aminina tun firamare, ya tsallake ni ya juya wajen Bulus, ɗalibin jami'ar da bai daɗe da fara zuwa ba.

"Bulus, mene ne hukuncin?"

"A ganina kowa ya jefa lido, mai ƙaramar lamba ya faɗa. In ba haka ba, wa zai ƙara ɗaukar ƙaramar mota?"

Sai shago ya ɗauka: "Wallahi haka ne!" Har da tafi.

Na jefa, na samu ɗaya. Tirelata ta tafi kogi, a shagona, a teburina.

Abin da ya fi ƙona min rai, dokarsa ta fi tawa. Jama'a, in goge gadar ne ko in haƙura?