Bakin Inna mai cin ƙarfe

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba zai kwashe mini shekarar da bakin Innata ya riƙa cin ƙarfe ba. A Gure muke, zamanin Nasara, ina ɗauke da cikin fari, an maido ni gida goyon ciki.

Inna mace ce mai ji da haƙoranta. Jere suke reras, kullum aswaki na hannunta, in za ta biki kuwa sai ta goge su da furen taba sun yi jawur. Harshe kuma Allah ya ba ta mai kaifi, ko fataken kanwa sun san ba a ja da ita a kasuwa. To a wannan shekara haƙoranta biyu na gaba suka soma girgiɗi. Ta rantse ba za ta zauna taron sunan jikanta na fari da giɓi ba, gara ta kulle kanta a ɗaki har a watse. Mun san ta, in ta faɗa sai ta aikata, ni kuwa ban ga daɗin sunan da Inna ba ta tsakar gida ba.

Tana da taubashi maƙerin fari, mai yin zobba da 'yan kunne. Shi ya ce zai ɗaure haƙoran da siririn zaren jan ƙarfe, ya haɗa su da na kusa, kamar yadda ake ɗaure karan darni da ya kwanta a jikin masu ƙwari. Ya ce ya yi wa wata mata daga Bune haka, damina biyu nata bai motsa ba. Ya ɗaura, haƙora suka tsaya, Inna ta dawo tana yi wa kowa murmushi har da awaki.

Wata bai cika ba zaren ya yi kore, bakinta ya riƙa ɗaci, rannan tana shan fura ya tsinke. Ta ɗauki mayafi sai maƙera, ni ina biye da ita da ƙaton ciki. Ta ce ya ba baƙuwa na kirki, ya ba 'yar'uwa ruɓaɓɓe. Ya ce wallahi daga dunƙule ɗaya ya jawo su, sai dai in harshenta ne ya yanke shi, don bakin da ya ci mutanen Gure ba zai bar ƙarfe ba. Ya sake ɗaura wani. Shi ma ya bi sawun na farko, har ya fi shi saurin lalacewa.

Duk tsawon lokacin nan muna ganin Inna tana shanye tulu ita kaɗai, tana yawan zagayawa, tana ramewa, kuma tururuwa na taruwa inda ta yi fitsari. Mu dai muka ce zafin bazara ne. Dabino kuwa ba ya yanke mata a ƙullin zane, ga shayi da sukari har cokali ya kusa tsayawa.

Allah da ikonsa, wani likita baƙar fata ya zo garin yin lamba. Na lallashe ta muka je. Ya duba baki, ya yi mata tambayoyi, ya dafa fitsarinta a 'yar kwalba da wani shuɗin ruwa, muna kallo ya koma ja. Ya ce ciwon sukari ne, shi ya sassauta dasashinta, shi ya ƙafar da yawunta, ɗan abin da ya rage ya yi tsami yana cin ƙarfen.

"Hajiya, zaƙi ne ya yi miki yawa," in ji shi.

Inna kuwa sai ta washe baki. Ta juyo ta ce mini, "Kin ji ko? Tun da aka haife ni ba wanda ya taɓa ce mini mai zaƙi. Je ki gaya wa maƙerin nan."

Likita ya ce ciwon ba ya warkewa, lallaɓa shi ake yi. Ta bar dabino da zuma da sukari, ta rage fura, ta riƙe ganye da nono, ta riƙa kurkure baki bayan kowane ci. Ban yi zaton za ta iya ba, amma don haƙoran nan ta iya. Ta yi ta masifa, ta ce miyar ganye ta maishe ta akuya, amma ba ta karya ba. Da ƙishirwar ta lafa ta tuɓe warwaronta na azurfa ta kai wa taubashin, ya ja zare ya ɗaura. Haƙuri dai ba ta ba shi ba, ta dai aika masa da sauran dabinonta duka.

Ranar suna Inna ce a tsakiyar gida. Ta ɗaga jikanta sama tana yi masa kirari, tana dariya baki buɗe, haƙoran nan biyu na nan daram, azurfa na ƙyalli a gindinsu. Ina daga ɗaki ina leƙenta, daɗi ya sa ni hawaye. Ta yi shekaru bayan haka, har ta aurar da yaron.

Tun daga nan na gane, in abu ya yi ta lalacewa a hannunka, kafin ka tafi yi wa maƙeri faɗa, tsaya ka tambayi jikinka lafiya.