Baba Ajimi da Katakon Mahaifiyata

Ranar Talata, 14 ga Maris, 2017, Allah Ya karɓi ran Baba Ajimi, kafintan unguwar Bolori mai gyara wa mahauta da masu abinci katakon yanka nama. Na je gidanka da niyyar kuka, Baba, sai na tarar kowa labarinka yake bayarwa, ana hawaye ana dariya. To, ga nawa.

Da muka gudo daga ƙauyenmu a kudancin Borno, abu ɗaya na mahaifiyata na fito da shi: katakon ƙirya da take yanka nama a kai. Na fara sayar da abinci a Bulumkutu, kuma don tsabar son tsabta na riƙa jiƙa shi a baho, in shanya a rana, in shafe shi da man gyaɗa. Ya fara tsagewa yana wari. Na kawo maka shi hankalina a tashe.

Ka shinshina, ka ce, "Serah 'yata, katako kika kawo mini ko ƙuli-ƙuli?"

Ka kankare shi da fasasshiyar kwalba, ka goge da gishiri da lemon tsami, ka bar shi ya bushe a inuwa. Gefen da wuƙar mahaifiyata ta yi ɗan rami kuwa ka ƙi taɓawa. Lokacin hanyoyin daji a rufe suke, masu zuma sun daina shigowa, kakin zuma ya yi wuyar samu. Duk da haka ka ciro ɗan ƙullin kakin da kake ta lallaɓawa, ka narka shi da man kaɗe, ka toshe tsagar, ka yi ta murzawa har katakon ya ƙoshi. Sannan ka yayyafa ruwa. Ruwan nan ya tsaya ɗigo-ɗigo, ya ƙi shiga! Na rangaɗa guɗa a tsakiyar shagonka har masu keke suka tsaya kallo. Tun barinmu gida ban yi farin ciki irin na ranar ba.

A wajen makoki matarka Ya Gumsu ta kama hannuna, ta damƙa mini ragowar kakin. "Ya ce a ba ki, kada ki bar katakon da ƙishirwa."

Na shafa masa, Baba, ramin yana nan. Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya ba Ya Gumsu da 'ya'yanka haƙuri. Yadda ka rufe tsagar nan, Allah Ya rufa maka asiri.