Mai Karatun da Ba Ya Numfashi

Gwaggona tela ce, kuma ba ta yarda da kowa. Ko zare ta saya sai ta gwada shi da haƙori. Abu ɗaya ya sace zuciyarta: labarin jirgin da ke yawo cikin taurari, wanda take saurare a waya tana ɗinki.

Da na kunna mata littafi na biyu, ba a yi nisa ba ta tsayar da keke.

"An canja mai karatun."

"Muryar ce dai, Gwaggo."

"To ina numfashin? Na farkon har yawu yake haɗiya in jirgi ya kama da wuta. Wannan kuwa matuƙi ya mutu, ya wuce abinsa. Kashe min! Wanda bai tsaya wa gawa ba, ba zai zauna a shagona ba."